Me ya sa annoba ta yi ta cin mutane a gandayen bayi na Karebiyan da Amurka?

Malama_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wata tambaya ga masana tarihi da ma'aikatan lafiya na wannan zaure. Duk inda aka buɗe babban gandun rake ko na shinkafa da ƙwadagon bayi, a Jamaika ne, ko Kyuba, ko Barazil, ko kudancin Amurka, sai ka tarar cuta ta yi sansani a wurin: shawara (wato zazzaɓin da ake kira yellow fever), zazzaɓin cizon sauro, agana, atuni, daga baya kwalara. An kai Jamaika bayi kusan miliyan ɗaya, amma da aka zo soke bauta a 1834 waɗanda aka ƙirga a raye ba su wuce 311,000 ba. Ina sauran suka tafi? Zafin ƙasar ne da damshinta, ko kuwa shi kansa tsarin gandun ne ke haifar da cutar?

Abu_Sadiq_Fagge:
Wa alaikumus salam Malama. Ni a ganina yanayi ne kawai. Ƙasa mai zafi da ruwan sama kusan duk shekara, dole sauro ya yi yawa. Ko babu bauta da an yi ta ciwo a wuraren nan.

Likitan_Karkara:
Malam Abu, akwai gyara. Cutar shawara ba 'yar asalin Karebiyan ba ce, ita da sauron da ke ɗauke da ita daga Afirka suka tsallaka, a cikin jiragen bayi. Annobarta ta farko da aka tabbatar a can ita ce ta tsibirin Babados a 1647, wato 'yan shekaru kaɗan bayan an fara noman rake gadan-gadan a tsibirin. A 1648 ta isa Yukatan, a ƙasar Meziko ta yau. Kafin nan zafin yana nan, ruwan saman yana nan, amma babu shawara.

Wannan sauro, Aedes aegypti, ba ya son fadama. Ruwan da mutum ya tara a mazubi yake so: ganga, randa, kasko, kwatami. Da rana yake cizo, ba ya yin nisa da gida, kuma ƙwansa yakan jure bushewa na watanni, da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. To jirgin da ya ɗauko mutum ɗari uku ko huɗu dole ya cika da gangunan ruwa. Sauro ya samu wurin haihuwa, ya samu jinin sha, ya ciji wannan ya kai wa wancan har a isa gaɓa.

Injiniya_Bala:
In ƙara a kan maganar Likita. A wancan zamani in an dafa ruwan rake ya yi kauri, a tukwanen yumɓu ake zuba shi don ruwan maɗin ya tsiyaye a samu sukari. Babban gandu yana da irin waɗannan tukwane ɗaruruwa, wani ma dubbai. Watanni kaɗan ake aiki da su, sauran shekara suna jibge a waje, wasu a fashe, ruwan sama na taruwa a ciki da ɗan zaƙin da ya rage. Ga kuma sare daji. A Babados cikin shekara ashirin da 'yan kai an kusa gama da dajin tsibirin, don a samu fili da itacen dafa sukari. Rafuka suka ja baya, kowa ya koma tara ruwan sama a gida. Mai gandu da hannunsa ya gina wa sauro wurin zama.

Abu_Sadiq_Fagge:
To amma ai ba su san sauro ne ke kawo ta ba. Ba za a ce da gangan suka yi ba.

Likitan_Karkara:
Gaskiya ne ba su sani ba. Sai a 1881 wani likitan Kyuba, Carlos Finlay, ya ce sauro ne ke yaɗa shawara, kuma sai a 1900 tawagar Walter Reed ta tabbatar. Na zazzaɓin cizon sauro kuwa Ronald Ross ne a 1897. Kafin nan gurɓatacciyar iskar fadama suke zargi. Amma akwai abin da suka sani sarai. Masu gandayen shinkafa a Karolina ta Kudu da Jojiya sun san cewa kwana a gandu tsakanin watan Mayu da shigowar sanyi hatsari ne, shi ya sa suke kwashe iyalansu su koma Charleston ko bakin teku ko kan tudu. Bayin kuwa a nan ake barin su, tsaye cikin ruwa har gwiwa suna cirar ciyawa. Ba sai ka san sunan ƙwayar cuta ba kafin ka san inda ake mutuwa.

Hajiya_Uwani:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Su gudu da 'ya'yansu su bar 'ya'yan wasu.

DanZongo_Kumasi:
Ni ina ganin an fara labarin daga tsakiya. Cutar tun kafin a hau jirgi take farawa. Mu nan Gana muna da Salaga, babbar kasuwar bayi ce, kuma fatakenmu Hausawa masu zuwa sayen goro sun san ta sarai. Mutum an kamo shi daga nesa, ya yi tafiyar makonni a ɗaure, ga yunwa ga ƙishirwa. In ya isa bakin teku a kulle shi a kurkukun ƙarƙashin ganuwa irin na Cape Coast ko Elmina. Na shiga na Cape Coast da ƙafata. Ɗaki ne mai duhu, 'yar taga can sama, da wata 'yar magudana a tsakiyar daɓe. A nan ake ci, a nan ake bahaya, a nan ake kwana, wani lokaci har watanni kafin jirgi ya cika. Wanda ya fito daga nan ai ya riga ya ɗauko atuni.

Nas_Rabi:
Yaya DanZongo ya taɓo inda nake so. Atuni shi ne babban makashi a cikin jirgi, ya fi shawara. Mutane kwance a jere kafaɗa da kafaɗa, maza a ɗaure bibbiyu, bokitin bahaya kaɗan ne kuma mai ciwon ciki ba ya iya kai kansa. Hannun da ya taɓa ƙazanta shi zai shiga akushin da mutum goma ke ci tare. Ruwan sha ɗan kaɗan ake bayarwa. Mai gudawa in bai samu ruwa ba, kwana kaɗan ne. An ƙiyasta mutum miliyan 12.5 aka loda daga Afirka, miliyan 10.7 suka sauka da rai. Kusan miliyan 1.8 ke nan suka ƙare a teku.

Sani_Lissafi:
Kuma a tuna da jirgin bayi mai suna Zong a 1781. Ciwo ya kama mutane, ma'aikatan jirgin suka jefa sama da mutum 130 cikin teku da ransu, masu jirgin na Liverpool suka je neman diyya wurin kamfanin inshora. Shari'ar da aka yi a Landan a 1783 ta asarar kaya ce, ba ta kisan kai ba. Wannan ya nuna yadda ake kallon lafiyar bawa: lissafin riba da faɗuwa.

Ummu_Khalil:
Don Allah a fahimtar da ni. Na sha jin cewa an fi son bayi daga Afirka ne saboda su ba sa kamuwa da waɗannan cututtuka. Gaskiya ne?

Likitan_Karkara:
Anti Ummu, akwai gaskiya a ciki, akwai ƙarya mai yawa da aka ɗora a kai. Wanda ya yi shawara ya warke ba ya sake yi har abada, kuma ta fi zuwa da sauƙi a ƙuruciya. Don haka wanda ya tashi a yankin da cutar take, sau da yawa ya riga ya samu garkuwa tun yana yaro. A ɓangaren zazzaɓin cizon sauro kuma, mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma jininsu ba shi da wata ƙofa da ake kira Duffy, wadda nau'in vivax ke bi ya shiga, saboda haka wannan nau'in bai cika kama su ba. Sannan mai jinin AS yana da kariya daga tsananin nau'in falciparum, shi ya sa sikila ta yi yawa a wajenmu, a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne.

Amma garkuwar zazzaɓi ba cikakkiya ba ce, jarirai da masu ciki suna mutuwa da shi a can kamar yadda suke mutuwa a nan. Kuma wannan garkuwa ba ta hana atuni, ko tarin fuka, ko ciwon haƙarƙari, ko ƙyanda, ko tarin shiƙa. Tarin fuka da ciwon huhu ma sun fi yi wa 'yan Afirka illa a can.

Malam_Habu_Zariya:
Wannan magana ta «baƙar fata ba ya kamuwa» ta ci rayuka. A 1793 shawara ta faɗa wa birnin Philadelphia na Amurka, ta kashe kusan mutum 5,000 a garin da bai wuce mutum 50,000 ba. Babban likitan garin, Benjamin Rush, ya yarda cewa baƙaƙe ba sa kamuwa, ya roƙe su su tsaya jinya da binne gawa yayin da masu hali suka tsere. Shugabanninsu biyu, Richard Allen da Absalom Jones, suka tattara jama'arsu suka yi aikin. Waɗannan mutane da yawansu a Amurka aka haife su, ba su taɓa haɗuwa da cutar ba. Suka kamu, da dama suka mutu, shi kansa Allen ya kwanta. Bayan annoba ta lafa kuma aka zarge su da tsawwala kuɗin jinya.

Ummu_Khalil:
Allah sarki. Na gode Malam, na gode Likita.

Bature_Gwani:
Ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda cutar ta juya ta cinye masu ita. Napoleon, shugaban Faransa, ya tura surukinsa Janar Leclerc da dubban sojoji zuwa Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, a 1802 don su murƙushe tawayen bayi. Shawara ta yi musu kaca-kaca, shi kansa Leclerc ta kashe shi a Nuwamban shekarar. Ranar 1 ga Janairun 1804 Haiti ta zama ƙasa. Sauro ne ya 'yanta Haiti.

Malam_Habu_Zariya:
A'a Malam Bature, kada mu ƙwace wa mutane jininsu mu ba sauro. Sun fara yaƙi tun 1791. Sun yaƙi Faransa, sun yaƙi Ingila wadda ita ma ta yi asarar dubban sojoji a can tsakanin 1793 da 1798. Jagororin tawayen, Toussaint Louverture da Dessalines, sun san damina na zuwa da zazzaɓi, suka ja yaƙin zuwa duwatsu, suka ƙona garuruwa, suka jira. Sanin lokacin da abokin gaba zai raunana ai dabarar yaƙi ce. Kuma a gumurzun ƙarshe na Vertières, Nuwamban 1803, da bindiga aka gama magana.

Bature_Gwani:
Ban musa jarumtarsu ba. Amma soja sabon zuwa daga Turai wanda bai taɓa yin cutar ba, a cunkushe a bariki kusa da tashar jirgi, shi ne abincin shawara. Ba don haka ba da yaƙin ya fi haka tsawo.

Malama_Tarihi:
Maganar Malam Bature ta dawo da mu kan tambayata. Idan na fahimta, annoba tana buƙatar sababbin mutane marasa garkuwa a kai a kai, in ba haka ba sai ta mutu da kanta. Gandu kuwa kullum cikin shigo da sababbi yake: bayi daga ƙasashe dabam-dabam kowa da cutar garinsu, sojoji, matuƙan jirgi, 'yan kasuwa. To amma me ya sa a Amurka adadin bayi ya ƙaru? An kai musu kusan 388,000 kai tsaye daga Afirka, amma a ƙidayar 1860 sun kusa miliyan huɗu. Jamaika kuwa akasin haka.

Sani_Lissafi:
Malama, amsar tana cikin abin da ake nomawa. Taba da auduga suna da wahala, amma rake wani abu ne daban. In an sare shi dole a matse shi cikin kwana ɗaya ko biyu kafin ya yi tsami, don haka lokacin girbi injin matsa da tukwanen dahuwa ba sa tsayawa dare da rana, na tsawon wata biyar ko shida. Mutum ya wuni yana sara, ya kwana yana tura rake a inji. Masu gandun rake sun fi sayen maza, mata kaɗan ne, waɗanda ke nan kuma suna cikin gungun masu haƙa har cikinsu ya tsufa. Muddin jirage na zuwa, sayen babban mutum ya fi musu araha a kan rainon jariri shekara goma sha huɗu.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce Luwiziyana. A cikin Amurka ɗin take, amma a yankunanta na rake mutuwa ta fi haihuwa yawa, irin na Karebiyan, sai an riƙa sayo mutane daga Bajiniya da Maryland ana cike gurbi.

Abu_Sadiq_Fagge:
To Luwiziyana ai fadama ce mai zafi, Bajiniya kuma tana da hunturu mai kashe sauro. Kun ga mun dawo kan yanayi. Birnin New Orleans na Luwiziyana ya yi asarar kusan mutum 8,000 a shawarar 1853, kuma mafi yawansu Turawa ne baƙin haure daga Ireland da Jamus, ba bayi ba. Sannan kwalarar da ta kashe sama da mutum 30,000 a Jamaika a 1850 zuwa 1851 bayan an soke bauta ta zo.

Nas_Rabi:
Malam Abu, soke bauta a takarda bai haƙa wa kowa rijiya ba, bai gina masai ba. Bari in faɗi abin da ba ya bukatar sauro ko kaɗan.

Na farko yunwa. A tsibiran rake an shuka rake har bakin ƙofa, abinci sai an shigo da shi: busasshen kifi mai gishiri mafi ƙasƙanci daga Newfoundland, da masara. Da yaƙin 'yancin Amurka ya tsinke hanyar jirage, guguwa kuma ta yi ta afka wa Jamaika daga 1780 zuwa 1786, majalisar tsibirin da kanta ta ƙiyasta bayi kusan 15,000 sun mutu da yunwa da cututtukan da take jawowa. Jikin da bai ƙoshi ba, ƙyandar da wani zai yi ya tashi ita za ta kai shi kabari.

Sai tsutsar ciki mai shan jini. Babu masai, ana bahaya a bayan bukkoki, ana yawo ba takalmi, tsutsar na huda tafin ƙafa ta shiga. Jini ya ƙare, mutum ya kumbura, ya fara sha'awar cin ƙasa. Maimakon magani, a wasu wurare takunkumin ƙarfe ake sa masa a baki.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne jarirai. Ciwon sarƙe-haƙora yana kashe su cikin mako biyu na farko, saboda an yanke cibiya da abu mara tsabta, an naɗe da tsumma, ga kashin dabbobin gandu ko'ina. Na yi aiki a asibitin ƙauye, na ga jaririn da ya kasa kama nono saboda muƙamuƙinsa ya ƙage. Wanda ya gani sau ɗaya ba ya mantawa. Uwar kuma ana mayar da ita gona kafin ta gama jego, a bar yaro wurin tsohuwa ana ɗura masa kunu da ruwan da ba a tafasa ba.

Hajiya_Uwani:
'Yata Rabi, Allah Ya saka miki. Mu da muka haihu mun san abin da jego yake nufi. Macen da aka hana ta kwana arba'in ɗinta, aka hana ta shayarwa yadda ya kamata, ina yaro zai yi ƙwari?

Issoufou_Damagaram:
Ina biye da ku daga Nijar. A Kyuba, ƙarni na 19, akwai manyan gandayen da ake kulle bayi da dare a dogon gini guda mai ƙofa ɗaya, don kada su gudu. In mutum ɗaya ya shigo da agana ko tarin fuka, kowa ya shaƙa. Kwalara da ta shiga Havana a 1833 haka ta bi gandayen rake tana ɗiba. Tsoron tawaye ne ya sa cunkoso, cunkoso ya kawo cuta.

Tambayata kuma: mu fa? Mu ma an yi bauta a ƙasar Hausa, an yi rinji, wato ƙauyen bayi masu noma. Haka abin yake?

Malam_Habu_Zariya:
Tambaya mai kyau, kuma bai kamata mu kauce mata ba. A daular Sakkwato bayi suna da yawa ƙwarai, akwai rumada da gandayen sarakuna, irin na Fanisau kusa da Kano. Bambancin da nake gani shi ne abin da ake nomawa dawa ce da gero da auduga da baba, aikin damina ne, kuma abinci ne da ake ci a wurin. Bawa yakan samu gayaunarsa. Rani mai tsawo kuma yana karya sauro. Amma kada wannan ya sa mu wanke kanmu. Harin kama bayi ya watsa garuruwa, ya jawo yunwa, waɗanda aka kora ta hamada zuwa Fezzan da Tarabulus a ƙasar Libiya ta yau da yawa ƙishirwa da ciwo sun kashe su a hanya. Kuma Hausawa da kansu sun faɗa cikin cinikin teku. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun kai da yawansu Bahiya a Barazil, inda suka shirya tawaye a 1807 suka kuma tashi a 1814, kafin babban tawayen Musulmi na Janairun 1835 cikin azumi, wanda Yarabawa suka fi yawa a ciki. Waɗanda suka rage a can sun ga shawarar 1849 da kwalarar 1855.

Abakar_WadMadani:
Gaisuwa daga Sudan. Ba bauta ba ce, amma ku dubi Jazira. Da aka gama madatsar Sennar a 1925 aka ja magudanan ruwa don auduga, kakanninmu da yawa masu hanyar Makka a nan suka tsaya ƙwadago. Ruwan da ba ya yankewa ya kawo zazzaɓi da tsargiya, kuma unguwannin leburori da ke bakin magudana su suka fi shan wahala. Duk inda aka tara ruwa da talakawa wuri guda saboda amfanin gona ɗaya, a duba lafiyarsu.

Injiniya_Bala:
Haka ne. Ko masu noman shinkafa a Kadawa da Kura sun san tsargiya da sauron rani.

Ummu_Khalil:
Su bayin ba su da nasu magani ne?

Likitan_Karkara:
Suna da shi, har ma sun koyar. A Boston wani bawa ɗan Afirka da aka raɗa wa suna Onesimus ya gaya wa ubangijinsa Cotton Mather cewa a ƙasarsu ana tsaga fata a sa ɗan ruwan ƙurjin mai agana, mutum ya yi ciwo mai sauƙi ya tsira. Da agana ta ɓarke a 1721 likita Zabdiel Boylston ya gwada. Cikin waɗanda aka yi wa, kusan 2 cikin 100 suka mutu, cikin waɗanda suka kamu haka kawai kusan 14 cikin 100. Wannan shekara 75 ke nan kafin rigakafin agana da likitan Ingila Edward Jenner ya fito da shi a 1796. Daga baya masu gandu da kansu suka riƙa yi wa bayinsu, domin agana na iya tsayar da girbi.

Abu_Sadiq_Fagge:
Na karanta duka. Na yarda yunwa da cunkoso da aikin rake sun kashe bayi. Amma har yanzu ina kan cewa shawara da zazzaɓi sai inda sauro zai iya rayuwa. An yi bauta a New York ma, ba a ga irin wannan ba.

Sani_Lissafi:
New York ta sha shawara a 1795 da 1798, Malam Abu, jiragen da ke zuwa daga tsibiran rake ne ke kawo ta da bazara. Hunturu yakan kashe sauron, shekara ta zagayo wani jirgin sukari ya sake kawowa. In kana son gwaji na gaskiya, ka ajiye New York, ka kwatanta gandun auduga da gandun rake a cikin Luwiziyana ɗaya, zafi ɗaya, sauro ɗaya, ka ga inda yara suka fi rayuwa.

Nas_Rabi:
Kuma a haɗa da gandayen shinkafa na bakin kogin Savannah, tsakanin Jojiya da Karolina ta Kudu, a kwatancen. Can rake babu, amma mutuwar yara ta yi muni ƙwarai, saboda ruwan da ake sha shi ne ruwan da ke wanke gona da bayan gida. Likita, in ka samu sarari ka yi mana bayanin tundurmi, domin ita ma ta zauna a Babados da Charleston, kuma wani sauron ne dabam ke yaɗa ta.